Awon Wata Uku

Duk wata uku, ranar Talata,
Sallau kan wanke teburin ƙarfe,
ni kuma in sa safar hannu shuɗiya
in ɗebi gyaɗa daga buhu goma,
sama, tsakiya, da can gindin buhu,
kamar mai neman ɓarawo cikin dangi.

Ƙuli-ƙuli leda uku, yaji kwalba biyu.
Da auduga a kan tsinke
nake shafar bakin injin niƙa,
in shafi magudanar ruwa, in shafi marfin firji.
In sa lamba, in sa kwanan wata, in liƙe.
Ƙarfe tara motar ɗakin awo ke zuwa.
Direban bai taɓa ɗanɗana ƙulina ba,
amma shi ke kai shi gaban alƙali.

Biradfod na ta yayyafinta, kamar ta ci bashin ruwa.
Kwana biyar kaya na tsare a sito,
jan kirtani zagaye da su.
Mai shago a Lids ya kira sau uku,
na Mancesta ya daina gaisuwa, sai "yaushe?"
Fam ɗari uku da sittin kuɗin awo,
ban sayar da ko tsinke ba.

A Gaya, Gwaggo Delu ba ta san kwalba ba.
Ta ɓare ɗaya, ta tauna, ta lumshe ido,
in ta tofar, buhun ya koma kasuwa.
Shekara arba'in harshenta ne ma'auni.
Haka na faɗa wa Misis Holroid a waya,
da zafi na faɗa,
ta ce, "Da na so in san ta,"
ta ce, "Sai Juma'a."

Na dawo masallaci takardar na jira.
Ƙwayar cutar ciki: babu.
Injin: fes. Magudana: fes. Yaji: ya haye.
Sai layi na bakwai, da jan rubutu:
dafin funfuna a gyaɗa.
Doka ta ce huɗu cikin biliyan.
Tawa ta kai tara.

Tara cikin biliyan!
Ko gishirin da ke cikin hawaye ya fi haka yawa.
Na tsinke kirtanin, na farke buhu,
na ɓare, na tauna, na lumshe ido irin na Gwaggo.
Garɗi. Wallahi garɗi.
Ba ɗaci, ba wari, ba baƙin tabo.
Na so in tofar, ban sami dalili ba.

A nan Kawu Tanimu ya faɗo mini,
ban gayyace shi ba.
Shi da ba ya rabo da gyaɗa a aljihu,
shekarar da cikinsa ya kumbura kamar tulu,
idonsa ya koma kalar ɗorawa.
Wasu suka ce sammu, wasu suka ce shawara,
aka yi hayaƙi, aka sha saiwa,
aka kai shi kafin kaka.
Ban ce gyaɗa ce ba. Ban sani ba.
Babu wanda ya ɗebi gindin rumbu ya sa lamba.

Litinin suka zo da babbar mota.
Buhu arba'in, na ƙirga da bakina,
Sallau ya juya baya yana gyaran tsintsiya
wadda babu abin da ya same ta.
Na sa hannu wuri huɗu.

Da dare Ladidi ta buɗe jakar makaranta,
ta ce ƙawarta Feba na son ƙulin nan mai barkono,
"Baba, gobe guda biyu."
Na ce sai sabon kaya ya zo.
Ta ce yaushe?
Ita ma "yaushe".

Sabon kaya ya iso da takardarsa daga tashar jirgin ruwa,
hatimi uku, sa hannu biyu.
Na karanta, na ninke, na sa a aljihu.
Ba Talata ba ce, wata uku bai cika ba.
Na ce, Sallau, miƙo safar nan,
mu fara da gindin buhu.