Allura Uku

Ofis ya ba ni allura uku
da taswirar hanya, daga bakin teku a Antofagasta
har ramukan tagulla da ke bayan Calama.
Aka ce, Ximena, soka su inda tireloli za su sha haidirojin.
Uku kacal. Iyakar kuɗin ke nan.

Masu motoci sun ce a gina tasha, sa sayi mota.
Masu tasha sun ce a sayi mota, sa gina tasha.
Shekara biyu ana kallon kallo,
shayi na hucewa a kan tebur.

Kwamfuta ta gama nata lissafin tun kafin in zauna:
nauyin kaya, tsayin hawa, cikin tanki,
ta ɗiga jan ɗigo a tsakiyar fako,
inda ko ƙuda ba ya yada zango.

Na naɗe taswirar na kai wa babana.
Baldomero, shekara talatin da ɗaya a bayan sitiyari,
dizal ya zauna masa a ƙirji kamar ɗan haya mai taurin bashi.
Ya ture faranti, ya sa tabarau,
ya bi hanyar da farcen da baƙin mai bai taɓa barinsa ba.

Nan? Ya yi tsaki.
Wa zai tsaya nan?
Direba ba don mota yake tsayawa ba, yarinya.
Matsa da ita gaba, Baquedano,
inda Eduviges ke dafa romo tun asuba,
akwai inuwa, akwai makewayi mai ƙofa.
Ta biyu kafin hawan, kada ki sa ta a bayansa.
Na ga maza sun yi kuka a kan tudun nan
da tan arba'in a gadon baya.

Na ce, Baba, ruwa za mu tsaga gida biyu,
mu ɗebo shi daga teku, mu cire masa gishiri,
rana ta ba mu wuta.
Ya ce, a ƙasar da na girma ban mallaki laima ba?
To me ke fita ta salansa?

Na ce, ruwa.

Ya yi dariya har tari ya ƙwace ta.
Na riƙe masa kofi, na jira.

Da safe na soka biyu inda ya nuna,
na rubuta dalilai da harshen injiniyoyi,
ban ambaci romo ba.
Ta ukun tana aljihun rigata har yau.
Jiya na sa hannu neman makulli
ta soke ni a yatsa.