Bayan Dodo

A birnin Łódź, a bene na uku na tsohuwar masaƙa,
inda injuna suka yi shiru tun ina 'yar firamare,
mu huɗu muka kama haya, muka shimfiɗa wayoyi
a kan daɓen da har yau bai daina warin mai ba.
Bronka ke rubuta dokokin duniyar,
Ludwik na kiɗa da 'yar na'ura mai kukan gyare,
Wiesia na ƙirga kuɗin da ba za su kai mu bazara ba.
Ni zane ne nawa, ɗigo bayan ɗigo.

Launi goma sha shida muka yarda da shi, ba ƙari.
Haka wasan ƙuruciyarmu yake:
jarumi kamar an yanko shi da almakashi,
takobi layi guda, wuta jajayen ɗigo uku,
saura kuwa zuciyar yaro ke cikawa.
Muka ce bari mu kwashi wannan duniya
mu juye ta cikin kwalkwalin gani,
mutum ya shiga da ƙafarsa.

Daren da na fara sa kwalkwalin
ga kogo, ga fitila, ga dodon da ya ci mini wata biyu,
haƙora tara, ido kamar garwashi.
Sai na yi abin da allo bai taɓa barinmu mu yi ba:
na zaga ta bayansa.

Wayam.
Falle ɗaya ne, ko kaurin takarda bai kai ba.
Shekara talatin ina tsoron abin da ba shi da ƙeya.

Bronka ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta.
Ta ce, "To, sai ki yi wa kowa baya,
har akuyar bakin gada."

Baya ɗari biyu da sha ɗaya.
Mai gadin ƙofa na ba shi faci a kafaɗa,
rijiya na rataya mata guga mai yoyo,
mayya kuwa ɗan doro na gajiya
irin na matan da ke jiran jirgin titi da asuba.
Ba wanda zai biya wannan wahala.
Wiesia ta faɗa mini sau uku, na huɗun ta rubuta a bango.

Ran wata Alhamis tsoho Zdzisław ya hawo gyaran famfo.
A nan benen ya yi saƙa har masaƙar ta mutu,
yanzu makullan ginin ne a ƙugunsa.
Muka roƙe shi ya gwada. Ya goge hannu a wando.

Bai zare takobi ba.
Kwarangwal biyu suka yi ta saransa, ko a jikinsa.
Ya matsa jikin bangon kogo har hancinsa ya kusa shiga,
ya ce, "Ai wannan saƙa ce.
Zare a tsaye, zare a kwance.
Ga ma inda ƙoshiyarki ta yi tsallake."
Na duba. Gaskiyarsa. Ɗigo ɗaya ya kauce.

Ya ce, "Fuskar yadi ta mai saye ce,
masaƙi baya yake dubawa."
Ya lallaba, hannu a gaba kamar mai neman ashana cikin duhu,
ya wuce haƙoran, ya zaga.

Ban faɗa wa kowa abin da na sa a can ba.
Haruffa uku, ƙanana, tsakanin ɓawo da ɓawo,
waɗanda yayana Czarek ke sa wa a saman jerin gwanaye
kafin asibiti, kafin kwamfutar ta koma cikin kwali.

Tsohon ya daɗe a tsaye.
Kiɗan Ludwik ya ƙare, ya sake farawa.

Da ya cire kwalkwalin, shatinsa ja a goshi,
bai dube ni ba.
Ya ce ɗaurin ya yi kyau, ba zai warware ba.
Sannan ya ɗauki sifanarsa,
ya tambayi wane famfon ne ke ɗiga.