Hular Wayoyi a Valparaíso

Ƙarfe shida na safe, teku na tari a gindin tudu.
Na shafa wa Eleuterio man sanyi a fatar kai,
na kifa masa hula mai ido talatin da biyu,
kowane ido da jelarsa ta waya.
Ya dubi madubi ya ce, "Maite, kin mai da ni bushiya."

Ya hau injin ɗaga kaya, can sama inda tsuntsayen teku ke hutawa.
Ni kuma ina ƙasa, ni da kwamfuta da kofin shayi da ya huce,
ina jiran layukan kansa su yi tsalle.

Kwantena ta tashi, tan ashirin tana lilo a iska,
mutum uku a ƙarƙashinta, jirgi na jira, iska na gardama.
Na ce yanzu zan ga tashin hankali a rubuce.
Ina!
Layukan suka miƙe luf,
kamar zaren da tsohuwa ke ja daga abawa.
Awa huɗu haka, ko gezau.

Da rana ya sauko, na ba shi kujera.
Na ce, "Rufe ido, kada ka tuna komai,
minti biyar kawai, in sami ma'aunin hutu."

Nan ne allon ya rikice.
Layi ya hau layi, suna cakar juna,
kamar an watsa tsakuwa a kan kwanon rufi.
Na duba waya, ba ta kwance ba.
Na duba man, bai bushe ba.
Fuskarsa kuwa shiru, hannuwa a gwiwa,
sai wata jijiya a gefen wuya tana ƙwanƙwasa ƙofa.

Takardata tana da gurbin nauyin aiki,
da gurbin gajiya, da na barci.
Ba ta da gurbin wannan.

Na cire hular a hankali, gashinsa ya miƙe tsaye.
Na ce, "Me ka tuna?"
Ya goge ƙeya da tawul, ya daɗe yana gogewa.
Ya ce, "A sama akwai abin riƙewa."
Sai ya tambaye ni ko gobe ma da awon,
ko za a iya tsallake na kujerar.

Na rubuta lambobin duka, ban rage ko ɗaya ba.
Da dare na hau tudu zuwa gida,
na kashe fitila, na rufe ido,
na yi ƙoƙarin kada in tuna komai.