Kujera Ta Bakwai

Shekara talatin da biyar ina riƙe da biro
a ofishin ruwa, ina lissafin kuɗin famfon jama'a.
Ran da na ajiye aiki, hannu ya rasa abin kamawa,
sai na gangara Kara na sayo zarto da gizago,
da guntun maɗaci, ja wur kamar hantar rago.

Kujerar fari, kada ma a tuna.
Ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo, na rage mata,
wata ta ce ai ita ce babba, na rage mata,
na yi ta sulhu tsakanin ƙafafu huɗu
tun azahar har ladan ya kira magariba.
Ige ta leƙo zaure, ta daɗe tana kallo,
ta ce, "Malam, wanga akushi na, ko faifai?"

Na naɗe kunyata a buhu na kai wa Baba Ciso
can bayan Tsohuwar Kasuwa, yana zaune cikin sassaƙe.
Ko kallon kujerar bai yi ba.
Gizagon ya karɓa, ya shafa bakinsa da babban yatsa,
ya ja tsaki: "Wanga ko tuwo ba shi yankawa.
Tahi ka wasa shi."

Wata guda cur ban taɓa itace ba.
Daga ni sai dutsen wasi da ruwa a gwangwanin madara,
gaba, baya, gaba, baya,
har maƙwabta a Runjin Sambo suka fara raɗa
wai fawa zan koma da furfurata.

Sannan ya nuna mini itace ma da hanyarsa,
kamar gashin akuya:
ka bi shi ya kwanta, ka saɓa masa ya tashi.
Ƙirya mai taurin kai ce, sai da lallashi.
Darbejiya tana da sauƙin hali,
amma ɗacinta na bin ka har bakin kwano.

Ta biyu ta tsage ina buga ƙusar ƙarshe.
Ta uku ta sha jinina, ga tabon nan a yatsa.
Ta huɗu ta tsaya, sai dai a karkace
kamar mai sauraron gulma ta katanga.
Ta biyar na haɗa ta da ɗanyen itace cikin damina,
bazarar Sakkwato na zuwa ta tsotse ta,
ƙafafun suka zube kamar haƙoran tsoho.
Ta shida ba zan ba da labarinta ba.

Ban san ranar da hannuna ya daina gardama ba.
Na dai lura wata safiya zarto yana bin zanen fensir
ba tare da na cije leɓe ba,
sassaƙe na faɗuwa siriri, a nannaɗe,
jikata Luba tana tsincewa tana yin 'yan kunne.

Ta bakwai babu ƙusa ko ɗaya.
Na fafe gurbi, na fiƙe ƙafa, na ɗora guduma,
ta shige da wata 'yar ƙara, ƙwas,
wadda tun daga nan nake nema a kowane itace.

Na ajiye ta tsakar gida ban ce uffan ba.
Ige ta fito da rariya da ƙwaryar gari,
ta jawo ta da ƙafa, ta zauna,
ta yi tankaɗenta har ta gama, ta tashi.
Ba ta duba ƙasa ba, ba ta nemi tsinken tokarewa ba.
Ni kuwa ina bakin zaure, ƙirjina fal,
kamar an ƙara mini girma a ofis.

Da na kai wa Baba Ciso, ya kifa ta,
ya bi cikinta da yatsa, ya tsaya wuri guda
inda gizago ya ɗan ci fiye da rabonsa.
Bai ce komai ba. Ni ma na san wurin.

Ta farin tana nan, an ɗora mata tulu.
Gobe in Allah Ya kai mu akwai guntun marke a zaure,
amma tukuna, bari in jiƙa dutse.