Lari Goma Sha Biyar

Gocha ya hau rufinmu ran Talata,
waya a haƙora, tsani na rawa a ƙarƙashinsa.
Ya karkata farantin zuwa kudu, ta saman duwatsun Racha,
ya sauko yana kaɗe hannu, ya ce,
"Inna Nanuli, ƙarin lari goma sha biyar ne kacal a wata,
amma sai kin ƙirga ciyawar filin ƙwallo ɗai-ɗai."

Na ce, yaro, ai ciyawa na san ta.
Shekara hamsin ina yankar ta wa shanu,
ban taɓa jin marmarin ƙirga ta ba.

To amma Eteri ce ta aiko,
daga Bari, inda take juya wata tsohuwa a gado,
tana ba ta romo da cokali.
Ta ce a sa wa Baba mai kyan,
ya ga wasa garau tun kafin...
Ba ta ƙarasa ba. Layi ne ya yanke, ko ita ta yanke shi.

Ga hoto ya zo, tangaran.
Mai karanta labaran ƙarfe takwas da nake ɗauka yarinya
ashe sa'ar ƙanwata ce,
hoda ta taru a yamutsin gefen idonta.
Mutumin da ke mana alkawarin kwalta duk bazara,
gumi na tsattsafo masa a saman leɓe.
A tsohon akwatin saura kaɗan in yarda da shi.

Otar na kujerarsa gab da murhu.
Yanar ido ta cinye na hagu, tana lallaɓo na dama.
Ya ce, "Kai, Nanuli, dubi kyau! Kamar ka miƙa hannu ka taɓa."
Ya nuna mai jar riga, ya kira shi da sunan mai fara.
Ban gyara masa ba.

Da dare na yi lissafi a bayan takardar wuta:
rabin kwalin maganin hawan jini,
ko mai kwalba biyu da sukari,
sau goma sha biyu, ɗari da tamanin,
kuɗin mota zuwa Kutaisi wajen likitan ido
har a dawo, har a sake komawa.
Na soke, na sake, amsar ba ta motsa ba.

Da Janairu ya kama, dusar ƙanƙara ta cika farantin taf.
Saura minti shida a tashi wasa
hoto ya tsattsage, ya daskare, ya ɗauke ɗif.
Tsohon akwatin ko yana yayyafi yakan bar maka inuwa ka bi,
wannan kuwa ko duka ko babu, kamar ɗan gata.
Na ɗaura tsintsiya a sandar wake,
na fita da takalmin Otar ina zungura sama,
shi yana ihu daga ciki, "Ya dawo! A'a, ya tafi!"
alhali da kunne yake gani.

Ran Lahadi Eteri ta kira.
Fuskarta a tafin hannuna, dishi-dishi,
baki ya riga murya, ido ya narke cikin kunci.
Na matso da wayar, na nisantar, na goge ta da haɓar zane.
Ban iya gane ko ta rame ba.
Otar ya fizge, "Garau, 'yata! Har gashin gemun alƙali!"
Ta yi dariya, dariyar ta iso gutsi-gutsi.

Jiya Gocha ya leƙo ta taga,
wai wata ya ƙare, a sabunta ko a sauke?
Na ce ya dawo bayan ya sha shayi.
Gwangwanin kuɗin ƙwai yana kan tebur tun safe,
na buɗe shi sau biyu,
kaji kuma sun rage yi, saboda sanyi.