Makullin Eduvigis

Ku dakata, kada kowa ya tashi tukuna.
Ruwan bai ɗauke ba, dankalinku kuma ba ƙafa gare shi ba.
Shekara talatin da ɗaya ke nan
makullin cocin nan yana kwana a aljihun rigata,
sau bakwai yana huda shi, ina ɗinkewa.

Fada Anselmo jirgin ruwa ke kawo shi,
sau ɗaya a wata, in teku ta ga dama.
Tsibiri shida a wuyan mutum guda,
ga tarin da ya ƙi sakinsa tun shigowar sanyi.
Sauran Lahadi ukun fa, na wane ne?
Kuka ce na Eduvigis. Na ɗauka, ban yi musu ba.
Amma ku dubi yatsun nan,
sanyin Chiloé ya lanƙwashe su kamar ƙugiyar masunta.
Jiya ashana biyar na karya
kafin kyandir ɗaya ya kama.

Baldomero, kai mai sunkuyar da kai,
a kasuwar Achao in ka ɗaga murya kana tallar kifi
har kurma sai ya taya.
Wannan muryar ce ta kasa karanta Zabura?
Ka ce harshenka yana sarƙewa a sunayen annabawa.
Musa ma ya kawo wannan uzurin,
bai hana a aike shi ba.

Zoila, littafin bashin kantinku a hannunki yake,
ko peso ɗaya bai taɓa yi miki layar zana ba.
Baikon Lahadi kuwa yana cikin gwangwanin biskit
a ƙarƙashin gadona. Wannan tsari ne?
Majalisar coci kujera bakwai gare ta:
huɗu ƙura ce ke zama a kai,
ɗaya ta kyanwar Nolberto ce.

Kun yi dariya. Madalla. Ban gama ba.

Bara da muka ja gidan Herminia
daga bakin gaɓa zuwa kan tudu,
shanu goma sha biyu, maza da mata tsamo-tsamo cikin laka,
wa ya ce bai cancanta ba?
Wa ya jira sai ya zama waliyyi kafin ya kama igiya?
Wannan ma gida ne, na katako irin naku.
Rufinsa yana yoyo daidai kan Yusufu Mai Tsarki.
Kafinta yana shan ruwa,
ga kafintoci uku zaune a bencin baya, sun harɗe hannu!

Tsoho Evaristo yana can bayan tudu,
wata biyu rabonsa da karɓar Jibin Ubangiji,
gwiwata ta daina hawa.
Ana neman mai kai masa,
ya kuma zauna ya sake jin labarin guguwar da ta ci jirginsa.
Yara tara suna jiran koyon katikisma.
Ƙaramarsu ta tambaye ni ko Allah yana jin sanyi,
na tsaya baki buɗe.
Griselda, ke da kike fama da su a makaranta, me za ki ce mata?

Ba fushi nake ba. Da nawa laifin a ciki.
Na ƙanƙame komai, na ji daɗin a ce sai ni.
Da na furta wa Fada wannan zunubin
bai ba ni addu'a ko ɗaya ba,
ya ce, ki saki.

To, ga shi na ajiye a gindin bagade.
Yana da ɗan taurin kai, kamar mai shi:
a tokare ƙofar da gwiwa, sannan a murɗa hagu.
Ni zan zauna nan kusa da taga,
in rufe ido, in ja carbina kamar kowa.
Ba zan dubi fuskar kowa ba.

Amma kunnena ƙalau yake.
Na san kukan kowane benci
in mutum ya miƙe.