Mai Jan Igiya

Shekara goma sha ɗaya ina bakin wannan dutse na Tigray,
aikina igiya.
Biyu ce: mai kauri, wadda mahayi ke kamawa,
da siririya ta fatar sa, wadda ake ɗaura masa a ƙugu.
Bakin siririyar a hannuna yake.

Na hawo nan da ƙuruciya, baki cike da tambaya.
Na ce wa Abba Welde-Rufa'el,
"Nuna mini yadda ake ganin Allah."
Ya miƙo mini gasasshen sha'ir, ya ce, "Ci."
Da na cinye, ya nuna mini bakin dutse.

Damina uku ina fushi.
'Yan'uwa na cikin coci tun kafin zakara ya yi cara,
jingine da sandunan addu'a, ganga na rakiyar Zabura,
ni kuwa ina jan wani ɗan kasuwa mai tumbi daga Adigrat,
tafin hannuna ya yi kanta kamar ƙirgi.

Ran da Abba ya dawo daga jana'izar ƙanwarsa
gajimare ya sauko ya haɗiye dutsen.
Ban ga fuskarsa ba, nauyinsa kawai na ji.
A tsakiyar hawa hannunsa ya saki.
Igiya ta yi ƙara, ta yanke ni har jini.
Bai yi ihu ba.
Yana reto cikin farin duhu,
ba ƙasa, ba sama,
ba ya ganin mai riƙonsa.

Da na fito da shi, dariya yake yi, yana haki:
"Shekara hamsin ina kiran sunan Yesu da kowane numfashi,
ashe duk zatona ni ke hawa."
Ya kama hannuna, ya daɗe yana kallon raunin da ke tafi.
Bai ƙara ko kalma ba.
Ni ma ban tambaya ba.

Ya rasu bara, ana girbin tef.

Yanzu da dare, in na naɗe igiya,
nakan zauna, ba na roƙon gani.
Sau tari ba komai,
sanyi ne kawai, da kukan kura can ƙasa,
da gwiwar nan tawa mai ciwo.
Amma wata ran, ba shiri,
nan daidai ƙugu,
sai in ji an ɗan ja.